Yashin da Na Zuba Ranar Alhamis

Kambarawa, Katsina
Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da sa albarka, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya shirin tafiya? Ya gajiyar ɗaure-ɗauren kaya da zirga-zirgar sallama? Allah ya tsare min kai a gida da daji, ya kiyaye hanyar da za ka bi, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka sauka. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. To ka san halinmu. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. In ka durƙusa gaishe ni da safe, maganarmu ba ta wuce "an tashi lafiya" da "Allah ya yi albarka". Innarka ta ce in yi maka irin saƙon nan na waya da ake dannawa a yi magana. Na gwada har sau biyu, da na saurara sai na ji kamar mai tallar magani a bakin Babbar Kasuwa, na goge. Shi ya sa na ɗauko biro. Iyakata sakandare, ban taka jami'a kamar ku ba, amma har yau in na rubuta abu ba a dawowa a tambaye ni me na ce.

Da farko ka sani ina murna. Wallahi ina murna ƙwarai. Tun ranar da kai da Nura na Baba Sale kuka dawo daga ƙasar Lafiya kuka ce kun samu gona ta ku biyu, mai rafi a gefe, babu wanda ya zauna a rumfata ban ba shi labari ba. Direbobin tifa sun ji har sun gaji. Wani bawan Allah ya zo sayen bulo, sai da ya sha labarin riɗi da shinkafa kafin na bari a loda mashi. Nakan ce masu jininmu ke nan, ba mu jira sai an share mana wuri. Ga kuma wata murnar a kan wannan: jiya da safe matar Nura ta sauka lafiya, an samu namiji, suna Laraba mai zuwa. Gidajen nan uku tun jiya ba a jin komai sai guɗa da ƙarar turmi.

To amma jiya da yamma Innarka ta kawo min ruwa ta ƙi tafiya, ta tsaya tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Da na matsa mata sai ta faɗa min. Wai ka kama mota jibi Asabar, kai kaɗai, ba za ka jira Nura ya gama hidimar suna ba. Wai ka ce gara ka riga shi isa, ka kafa bukka a gefen rafi ka fara sharewa, kafin ya iso maganar wa zai ɗauki ina ta riga ta mutu. Kada ka ji haushinta. Ba ƙararka ta kawo ba, ta dai san abin da maganar za ta tuna min.

Ni ma ban yi fushi ba. Dariya na yi har ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce mata ashe har wannan ma gadonsa ake yi.

Kai ka tashi ka tarar da Kambarawa gari, ga titi, ga wuta, ga makarantu, in ka tsaya ƙofar gida ba ka ganin ƙarshen gine-gine. Lokacin da muka zo, tun ba a haife ka ba, nan gonakin gero ne da sabara da kalgo. Mu uku ne. Ni, da Baba Sale wanda ubansa wan ubana ne, da Kawu Garba, ɗan Goggo yayar ubana, wato taubashina. Duk a gidan kakanmu na cikin birni muka tashi, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Gidan ya cika ya batse, har in saurayi zai yi aure sai an tashi awaki daga garkensu an yi mashi ɗaki. Wanda aka ba mu ni da Innarka, in na miƙe ƙafa sai ta taɓo jeren kwanukanta.

Sale ne ya jiwo cewa wani dattijo zai sayar da gonarsa can bayan ganuwa. Muka haɗa abin da ke hannunmu muka saya. Ni har rediyona da agogona suka tafi. Dangi kuwa suka samu abin dariya. Wai mun bar mutane za mu koma zama da dila. Wani kawunmu ya ce in kura ta ɗauke ɗayanmu kada a zo a dame shi, shi ya faɗa tun farko. Yau jikokinsa uku ke haya a layin bayanmu, kuma ba na taɓa wucewa ban gaishe su da kyau ba.

Gonar doguwa ce kamar zane. Kanta ɗaya ya taɓa hanyar da motocin yashi da amalanken shanu ke bi. A tsakiya akwai wata babbar ɗorawa. Can ƙarshe kuma kwari ne, inda ruwa ke kwanciya da damina. Muka yi shawara ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu haɗu a gindin ɗorawa, a auna da taki a raba uku, a ja ƙuri'a da karan dawa: dogo bakin hanya, matsakaici tsakiya, gajere kwari. Kowa ya ce ya yarda. Ni ma na ce na yarda.

A lokacin ba ni da komai sai akwatin buga bulo guda ɗaya na hannu da ƙarfin ƙirjina. Amma na san abu ɗaya, mai bulo in ba a bakin hanya yake ba, wahala kawai yake yi. Kwana biyu ina juya maganar kara a raina. In gajere ya faɗo min fa? Sai ranar Alhamis, irin ta yau, da hantsi, na hau kekena na je wurin wani direban tifa da nake wa lodi. Na kai shi har bakin hanyar, na nuna mashi wuri, ya juye min yashi tifa guda. Na ɗora akwatina a kai, na koma gida na ci tuwo kamar ban yi komai ba.

Ranar Juma'a muka zo. Sale na riƙe da kara uku a hannu. Tun daga nesa suka hangi tulin yashi yana ƙyalli. Na yi sauri na ce, "Af! Kun ga direban nan ya yi kuskure. Na ce ya kai min wurin aiki, shi ne ya juye a nan."

Garba ya zagaya yashin sau ɗaya, ya ɗebo ya murza a hannu, ya ce, "Kai Lawal, wanga direba mai hankali ne. Duk faɗin Katsina bai ga inda zai yi kuskure ba sai daidai bakin hanya. Har akwatinka ma ya yi kuskuren hawa sama."

Sale bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi yashin, sai ya karya karan nan ya yar. Ya ce, "Kaya tunda sun sauka ba a ɗaga su. Zauna nan, Lawal." Garba ya ce shi a bar mashi gindin ɗorawa, don shi tela ne, inuwa yake so. Sale ya ɗauki kwari. Magana ta ƙare kafin la'asar. Tun daga ranar Garba ya sa min Sarkin Yashi. Kai ka tashi kana jin yana kirana haka, ka ɗauka don sana'a ne. To yau ka ji asalinsa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce filin bai yi albarka ba, don ka ji tsoro. Ya yi albarka. A bakin hanyar nan na buga bulon da aka gina rabin unguwar nan da shi. Daga akwati ɗaya na kai inji, daga keke na kai tifa tawa ta kaina, na je Makka, na kai Innarka, na kai ku makarantar da ni ban je ba. Babu wanda ya ɗora ni, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kai ma in ka riga Nura ka kama gefen rafi, mai yiwuwa shinkafarka ta fi tasa. Wannan ba na musu.

Abin da na rasa shi nake so ka ji. Shekarun farkon nan, Abba, su ne mafi daɗi a rayuwar gidajen nan, kuma ni rabinsu a labari na ji. Ɗakunan ƙasa muka fara yi, na wannan yau, na wancan gobe, mu kwaɓa tare mu ɗora tare. Ruwa a jarka muke ɗaukowa a bayan keke daga nesa. Makon farko Innarka kullum sai ta yi kuka, wai shirun wurin ya yi mata yawa, sai matar Sale ta riƙa ƙwala mata kira ta saman danga, ba don komai ba sai don ta ji muryar mutum. Kullum bayan magariba matan su kawo abinci gindin ɗorawa, mu ci tare. To ni sai na kasa. In na kai loma baki na haɗa ido da Sale, sai in mayar da ita kwano. Bai taɓa ce min komai ba, wallahi ko da wasa. Da ma faɗa ya yi min da na fi samun sauƙi. Sai na fara kawo dalili. Yau bulo bai sha ruwa ba, gobe ina jiran mota, jibi ciki na ciwo. A hankali na ce a riƙa kawo min nawa rumfa. Kusan shekara biyu ina ci ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu daga nesa.

A cikin shekarun nan ne suka haƙa rijiya a kan iyakar Garba da Sale. Ni siminti na aika, ban je ba. Ka sha jin labarin ranar da ta kawo ruwa, yadda Garba ya sauka da igiya don ya fara taɓawa, laka ta riƙe mashi wando ya fito da riga kaɗai, mata suka watse da gudu, Sale da ba ya rawa ya yi rawa da guga a kai. Duk salla sai an ba da labarin nan, kuma ka ga ina dariya har da hawaye. To ba na wurin. Ina bakin hanya ina gadin yashi. Duk abin da na tara ba zai iya mayar da ni yinin nan ba. Don haka ina gaya maka, abin da za ka ɗauka wanda zai hana ka haɗa ido da ɗan'uwanka a kan kwano, bar shi, ko da kuwa zinariya ce a ƙarƙashinsa.

Kuma shi irin wannan abu ba ya tsayawa a guda. Da kasuwa ta buɗe min, sai na ce bari in zagaye filina da katangar bulo, doguwa, wadda duk mai wucewa zai gani ya san aikin wa ke nan. Na gaya wa kaina talla ce. Gaskiyar magana ba na so in riƙa hango gindin ɗorawa ne. Na ɗauko wani birkila mutumin Kafanchan, gwani ne ƙwarai. Da ya ga inda na ja igiya ya ce, "Maigida, nan fa hanyar mutanen baya ce." Na ce mashi gini na kira shi ya yi, ba shari'a ba. Sai ya ɗora bulonsa. Katanga ta tashi ta rufe 'yar hanyar da gidajen biyu ke bi su fito titi, ta kuma rufe wa Innarka hanyar rijiya. Ranar farko ta ajiye min bokiti biyu a ƙofar ɗaki ta ce, "Mai katanga shi ya san hanyar zagaye." Na ɗauka na zagaya, ina cika ina batsewa, amma ban sauko ba.

Goggo ce ta sauko da ni. Ta zo daga cikin birni duba ɗanta Garba, ta yini a can, da la'asar ta ce bari ta leƙo ni. Ta biyo tsohuwar hanya da sandarta sai ta ci karo da bango. Aka ce mata sai ta zagaya. Ta ce a kawo mata tabarma. Ta zauna nan gindin katanga ta aika a kira ni. Na zagayo da sauri na durƙusa.

Ta ce, "Lawal, gidan wane ne wannan?"

Na ce, "Nawa ne, Goggo."

Ta ce, "To ni na goya ubanka. Ba ni zagayawa in shiga gidan ɗansa ta ƙofar baƙi. Nan na zo, ta nan za ni shiga. In ba ka shirya ba ina jira, ba ni da sauri."

Na san Goggo, in ta ce tana jira to har damina tana nan. Da hannuna na ɗauko guduma na fasa bulon da na fi alfahari da shi, ita tana zaune tana cin goro tana nuna min da sanda, "Ƙara faɗi, ni ba siririya ba ce." Garba na gefe yana cewa, "A hankali, Sarkin Yashi, kada ka ji wa tallarka ciwo." Ita ce ƙofar nan da kai da Nura kuka tashi kuna tsere ta cikinta, har ba a san wanda ke kwana gidan wa ba. Ba a taɓa sa mata ƙyaure ba, kuma ko bayan raina kada a sa. In kun je can, ku ma za ku yi shinge, dole ne, saboda dabbobi. Amma ku zagaye gonar gaba ɗaya da shinge guda. Kada ka ja wani a tsakiya tun ba ku ga damina ɗaya tare ba.

Da aka fasa katanga sai na ga ya kamata in wanke kaina, amma maimakon in buɗe baki sai na buɗe sito. Lokacin Sale na nan da rufin ƙasa, yana noman tumatir da latas a kwarinsa. Ban tambaye shi ba, ban gaya mashi ba, da rana tsaka na cika mota da kwanon rufi da siminti na aika ƙofar gidansa, na kuma tabbatar an bi ta inda mutane za su gani. Na zauna a rumfa na gyara hula ina jiran godiya. Sai ga motar ta dawo da kayanta, Sale na zaune gaba. Ya sauko da ƙafafunsa duk laka, ya yi sallama, ya ce, "Lawal, halan direban nan naka har yau bai koyi hanya ba? Ya sake yin kuskure."

Nan ƙirjina ya buɗe. Na ja shi bayan rumfa na ce, "Yaya, yashin nan ni na sa aka zuba. Ba kuskure ba ne."

Ka san abin da ya yi? Dariya ya yi har ya dafa bango. Ya ce, "Kai yanzu shekara nawa kana ɗauke da wannan? To wa ka ɗauka bai sani ba? Sawun kekenka na nan kusa da sawun tifa." Ya aika aka kira Garba, ya zo da tef ɗin awo a wuya. Sale ya ce, "Gaya mashi abin da muka shirya."

Garba ya ce, "Tun ranar Laraba muka yi magana ni da Yaya. Muka ce ko wa dogon kara ya faɗo wa, zai ba ka, don kai ne mai sana'ar bakin hanya. Shi kwari yake so tun farko saboda lambu, ni inuwa. Mun so mu ba ka a gaban ɗorawa mu ga yadda za ka washe baki. Sai muka zo muka tarar ka sace kyautarka."

Abba, ban taɓa jin kunya da daɗi a lokaci guda irin na ranar ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Sale ya dafa ni ya ce, "Fili bai taɓa damunmu ba. Kwanonka da muka daina gani shi ya yi mana ciwo. Kullum sai matata ta tambaya ko mun yi maka wani abu." Ya ce rufinsa kuwa in ya tashi zai faɗa min da bakinsa, kuma bayan shekara ya faɗa, muka hau muka rufa tare. Kwanon da na aika da siminti, da su muka gina zauren nan na gindin ɗorawa inda muke zama har yau. A daren farko da na koma cin abinci da su, Garba ya matsa min wuri ya ce wa Sale, "Yi hankali da naman, baƙon namu yana da saurin hannu."

Ka lura da wannan, don kai mai hannu sake ne kamar ni. In Allah ya buɗa maka fiye da Nura, kada ka aika mashi alheri a mota. Je ka zauna, ka tambaye shi me yake bukata, ka bari shi ma ya yi maka wani abu. Sale har yau duk Juma'a sai ya aiko min da latas da albasa, kuma ban taɓa cewa ina da abin saye ba.

Akwai kuma wata wautar da na yi wadda ta shafe ku, tunda wurin baƙi za ku. Makiyaya na bi da shanu ta gefen filina tun kafin mu zo. Ni sai na riƙa daka masu tsawa don shanu na taka min ɗanyen bulo. Ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Sale kuwa ya je har ruga ya gaishe da babbansu, ya ce in an yi girbi su sauka a kwarinsa. Suka sauka, suka bar mashi taki, matansu na kawo nono gidansa. Da ya roƙe su sai suka karkata da shanun suka bar min bulo lafiya. Abin da tsawata ta kasa a shekara, gaisuwarsa ta yi a yini ɗaya. In kun isa, kafin ku sare ko reshe, ku je ku gaishe da mai gari da dattawan wurin, Musulminsu da Kiristansu, manoma da makiyaya. Ku koyi gaisuwa da yarensu ko da za su yi maku dariya. Ka bar digirinka cikin jaka. A wurinsu kai ɗan Katsina ne da ya zo jiya.

Kuma maganar digiri, bari in faɗa maka abin da ba ka so. Ka karanta noma a jami'a, ina alfahari da haka, hotonka da hular nan mai kusurwa huɗu yana rataye a rumfata. Amma Nura a cikin kwari ya tashi. Tun yana rarrafe yake cin ƙasar lambu. Yana iya ɗibar ƙasa ya sansana ya gaya maka inda ruwa zai kwanta. Kai ka san abin da ke cikin littafi, shi ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafa, kuma gonar nan tana bukatar duka biyun. Ka taɓa tambayarsa ina yake so? Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Mai yiwuwa gefen rafin da kake shirin yi wa sammako, shi ya riga ya bar maka a ransa. Mai yiwuwa kuma yana so, sai ku zauna ku yi ta musu har ku gaji, ku ci abinci, ku sake. Mu ma mun yi faɗa bayan nan, ba sau ɗaya ba, a kan magudanar ruwa, a kan awaki, a kan yara. Amma a zaure muke yi, baki da baki. In kun saɓa kada ka bugo wa Innarka waya, shi ya bugo wa tasa. Ku kashe abinku a can, mu nan a ba mu labari bayan ya zama abin dariya.

Yanzu ga abin da nake nema. Ban hana ka tafiya ba, kai ba yaro ba ne, kuma mutumin da ya zuba yashi ranar Alhamis ba shi da bakin yi wa kowa tsawa. Roƙo nake yi, kuma ka san ban saba ba. Ka kira mai motar nan ka ce ya ɗaga zuwa Juma'a ta sama. Kwana shida ne, rafi ba zai gudu ba. Ka tsaya a yi suna da kai, ku shiga mota ɗaya da ɗan'uwanka, ku sauka tare, ku taka gonar nan daga farko har ƙarshe kafin kowa ya ce nan nawa.

Akwai abin da aka ce in riƙe sai Laraba, amma na ga in na riƙe zan yi asara. Yau da safe Baba Sale ya same ni a zaure, bakinsa har kunne. Ya ce jiya da aka miƙa wa Nura jaririn, bai yi shawara da kowa ba, ya kai bakinsa kunnen yaron ya yi mashi huɗuba da sunanka. Da Sale ya tambaye shi dalili, sai ya ce ai da kai za su ƙarasa rayuwa a can, gara yaron ya tashi ya san babansa na biyu tun daga suna. Nura bai san da maganar Asabar ba, Sale ma bai sani ba, kuma daga bakina ba za su ji ba. Ranar Laraba in liman ya faɗi sunan, duk zauren nan kai za a waiwayo a duba. Ina so a same ka zaune.

Allah ya yi maka albarka, ya raya maka takwara a kan Sunna. Allah ya kai ku lafiya ku biyu, ya tsare ku daga sharrin hanya da na daji da na mutum, ya ba ku damina mai albarka da maƙwabta na gari, ya dawo mana da ku muna raye kuna dariya. Innarka na gaishe ka, ta ce kada ka zo mata da fuska a ɗaure. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Lawal Mai Bulo